Naman Wuyan da Na Riƙa Kai wa Banasare

Gidanmu gidan fawa ne a birnin Sakkwato, kusa da Ƙofar Kware. Kakana mahauci ne, Baba mahauci ne, ƙannena duka da wuƙar fiɗa suka tashi. Ni kaɗai aka bari na daɗe a makarantar allo, har na yi ɗan nisa, na fara littafin tsarki da salla, sannan aiki ya yi wa Baba yawa ya janye ni. Ilimin da na fito da shi bai kai na malami ba, amma ya isa ya hana ni sakewa. Na haddace duk abin da ke ɓata ibada, ban kai babin abin da aka yafe ba.

Saboda ɗan karatun nan, ranar da hannun tsohon da ke yi mana yanka ya fara rawa, sai Baba ya miƙo mini wuƙar. A wajenmu ba kowane mahauci ke yanka ba. Mai yanka daban, masu fiɗa daban, kuma ladan mai yanka shi ne wuyan dabbar. Wuƙar nan girma ce. Wanda ya riƙe ta ya bar wankin tumbi a gulbi ke nan, kuma ko dattijo ya zo mayanka sai ya ce masa Malam. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, ban daɗe da aure ba, sunan nan ya yi mini daɗi ƙwarai.

Daɗin bai kai wata guda ba. Ni dama mutum ne mai waswasi. Nakan yi alwala, in kai ƙafa, sai in ji kamar ban shafi kai ba, in koma farko. Butar da ke isar mutum uku ni ba ta isata. Matata takan tsaya da tulu a ka ta ce, "Malam, ran da rijiyar ga ta ƙafe, kowa ya san mai laifi." To, waswasin alwala ruwa kawai yake ci. Na yanka kuwa nama yake ci.

Ga yadda yake zuwa mini. A kayar da akuya, a fuskantar da ita alƙibla, in ambaci sunan Allah, in ja wuƙa. Jini na fara zuba sai wani abu a ƙirjina ya ce, ka ambata kuwa? Ko dai a zuci ka yi, bakinka bai motsa ba? In na kori wannan sai wani ya taso: ba ka ɗaga hannu kafin jijiyoyin su katse ba? Ƙullin maƙogwaro fa, wajen kai ya bi ko wajen jiki? Sai in tsuguna ina buɗa wuyan dabba ina leƙe, masu fiɗa na tsaye da wuƙaƙe suna jira, ungulaye ma a kan katanga suna jira.

Wata safiya na yanka wani taure mai ƙiba da aka kawo daga Wamakko, na miƙe na ce mushe ne, kada kowa ya taɓa. Baba ya duba wuyan ya ce yanka ya yi. Na ce ban tuna na yi bisimilla ba. Da yake a gaban jama'a na faɗa, babu halin sayarwa, aka ja shi bayan ganuwa. Ba a yi kwana goma ba na sake yi da wata tunkiya.

Da la'asar Baba ya kira ni zaure.

"Zamna," in ji shi. "Ungulayen ga surukanka na, da kullum sai ka kai musu gaisuwa?"

Na ce, "Baba, tsoron Allah nake ji."

"Mu hwa? Mu tsoron wa muka ji shekara arba'in?" Ya nuna ni da sanda. "Ji nan. In ka ƙara ɓata min bisa guda, in amshe wuƙag ga in ba ɗan ƙanena, kai ka koma gulbi wankin tumbi."

Tun daga ranar na kama bakina. Shakka ta zo, in haɗiye ta, in ce a feɗe. Amma sai abin ya fi na da muni. Ina tsaye ina kallon nama na fita: tsohuwa ta sayi hanta don mijinta marar lafiya, mai tsire ya kwashi cinya, matan unguwa su aiko da ƙwarya. Kowane yanki ya wuce sai in ce a raina, in mushe ne, duk wanda ya ci a kaina yake. Na kai har in na ga mutum ya fito masallaci yana sakace, sai gabana ya faɗi.

Ga kuma wuyan da ake ba ni. Ba na iya ci. Ba na iya kai wa matata. Ba na iya bai wa wani musulmi, kuma zubar da abinci shi ma laifi ne. Sai in yi ta yawo da wuyan akuya a cikin faifai kamar mai neman gidan suna.

Ana cikin haka wani ayari ya iso daga Lakwaja, masu sayen jar fatar akuya. A cikinsu akwai wani mutum da aka saukar a gidan fatoma, mai saukar da fatake, da ke maƙwabtaka da mu, aka ce Banasare ne. Unguwa ta cika zauren don kallo, domin mu a saninmu Nasara duk jajaye ne. Sai ga mutum baƙi kamar ni, gajere, mai furfura a gemu, da riga irin tamu, yana Hausa irin ta Zazzau. Tun yana ƙarami aka kama shi, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin teku. Aka sa su jirgi, wasu Turawa suka tare jirgin suka sauke su a Saliyo. Can wata tsohuwa ta riƙe shi, can ya shiga addinin Almasihu. Kullum da safe yakan zo mayanka ya zauna a kan wani kututture yana kallon fiɗa, don fatar da wuƙa ta huda ba ya saye.

Rannan na ji wani mai fiɗa yana ce wa ɗan'uwansa ai Nasara ba su da dokar yanka, kome aka ba su ci suke yi. Wallahi ji na yi kamar an sauke mini dutse. Ga mutumin da shakkata ba za ta cuce shi ba! Da hantsi na naɗe wuyan a ganye na kai masa.

Ya karɓa da hannu biyu. "Ni? Baƙo? Allah ya saka, mai wuƙa!"

Washegari na kai wani. Rana ta uku na kai biyu. Mutumin nan ya fara gaya wa fatoma cewa ya bi ƙasashe da yawa, bai taɓa ganin mai kyauta irin ɗan mahautan nan ba. Fatoma ya gaya wa matansa, matansa suka gaya wa matata, ita kuwa ta ce, "Kyauta ta yi kyau, amma ni na manta ɗanɗanon wuya." Har allurai uku baƙon ya aiko mata da su, irin na Turawa, masu ƙyalli.

Da allurai suka shigo gida sai sabon waswasi ya shigo tare da su. Na zauna na duba: ina ciyar da gari abin da nake shakka, ina ɗura wa baƙo abin da ni ba na ci, kuma ina karɓar godiya da tukuici a kan ƙarya. Na ga ba inda zan kai. Ran Talata na je wurin Baba na ce masa bijimin kasuwar Jumma'a shi ne yankana na ƙarshe, in na gama zan mayar masa da wuƙa. Ya dube ni ya ce, "To." Ko tambayar dalili bai yi ba. Da yamma na hangi ɗan ƙanensa yana gwada kayar da rago shi kaɗai, yana murmushi.

Kafin Jumma'a na ƙudura in nemi gafarar wanda zan iya. Gari dai ya fi ƙarfina, sai na fara da baƙon. Na same shi da azahar a inuwar tsamiyar gidan fatoma, yana dafa wuyan safiyar nan da kansa, da manjan da ya zo da shi da barkono mai yawa. Na tsuguna nesa kaɗan, na gaya masa kome, kaina a ƙasa.

Da na ɗago sai na ga kafaɗunsa na rawa. Dariya yake yi, har da hawaye.

"Wato ni ne ungulun?" in ji shi.

"Ka gafarce ni."

"Tsaya tukuna, bari in juya miya." Ya juya, ya ɗanɗana, ya share ido. "Abokina, abu biyu ka kawo mini a ƙunshi ɗaya. Na farko, ka bar ni ina yabonka a gari alhali ba don Allah ka ba ni ba. Wannan laifi ne na gaske. Ka faɗa, na yafe, ya wuce. Kada ka sake kawo mini shi gobe."

"Haka kawai?"

"Me kake so, in sa a yi maka bulala? Na biyu kuma, ni ban ga laifi ba. Kwana nawa ina zaune a kan kututturen nan? Bisimillarka har majema suna ji a bayan gari. Jiya ma sau uku ka yi wa akuya ɗaya, har ta gaji da jira."

Na ce ai shi da sauƙi, tun da ba su da doka.

"Wa ya ce maka? Muna da ita. Abinci ne dai aka sake mana, an koya mana tukunya ba ta raba mutum da Allah, abin da ke cikin zuciya shi ne abin tsoro. Amma ƙarya da zalunci da ƙeta, duk an hana mu. Kuma irin ciwon nan naka, na yi shi, har na fi ka."

Sai ya ba ni labari. Ya ce lokacin da yake saurayi a Saliyo ya samo igiya, duk laifin da ya yi sai ya ƙulla ƙulli. Ya yi fushi, ƙulli. Ya kalli abincin wani, ƙulli. In bai tabbata ya yi laifi ba, sai ya ƙulla biyu don kada a samu ragi. Niyyarsa kowane ƙulli sai ya biya shi da azumi ko wani aikin kirki kafin ya kwance. Igiya ta yi ta tsawo, yana kwance ɗaya yana ƙulla biyar. Rannan tsohuwar da ta riƙe shi ta gano ta a ƙarƙashin tabarma. Da ya yi mata bayani sai ta ce igiyar ta yi ƙwari, ta je ta ɗaure akuyarta da ita.

"Na yi kuka," in ji shi. "Ta zaunar da ni ta ce doka gaskiya ce, aikinta ta nuna maka inda ka ɓaci, amma ba ita ke wankewa ba. Ta ce ko ka shekara ɗari kana kwance ƙulli ba ka gamawa. Mu abin da muka gaskata shi ne Almasihu ya riga ya ɗauke kayan nan, gafara kuma kyauta ce, ba ladan aiki ba. Alheri muke ce mata. Ba a sayen ta, karɓa ake yi."

Na ce, "Annabi Isa annabin Allah ne, amincin Allah ya tabbata gare shi. Amma mu a wajenmu kowa kayansa zai ɗauka."

"Na sani. Nan muka rabu da ku, kuma ba yau za mu gama wannan ba. Fata na zo saye, ba mahauta ba."

"To in an riga an yafe, ai sai kowa ya yi abin da ya ga dama."

"Ka ga na cuci wani tun zuwana?" Ya ajiye ludayi. "Ka ji, ni na yi bauta shekara huɗu. Bawa in ya fasa ƙwarya, ba ƙwaryar ke damunsa ba, kasuwa yake tunani, ko gobe za a kai shi. Don haka hannunsa kullum rawa yake, kuma mai rawar hannu ya fi kowa fasa ƙwarya. A gidan tsohuwar nan ma na fasa ƙwarya. Ta yi mini faɗa sosai, har maƙwabta suka leƙo. Amma da aka sauke tuwo, ga akushina a inda yake kullum. Daga ranar na fi kula da ƙoren gidan, don kuwa namu ne. Haka nake kiyaye dokar Allah yanzu, don godiya. Ba na kwana ina jin za a sayar da ni."

Ya zuba miya a kasko, ya turo mini. Na ce na ƙoshi. Bai matsa ba.

"Kai da kuke da malamai a kowane lungu," in ji shi yana tauna, "ka taɓa tambayar ɗaya a kan shakkar nan?"

Ban taɓa ba. Kunya ta hana ni. Mutumin da ake ce wa Malam a mayanka, ya je ya tambayi abin da ya kamata ya sani tun kafin ya taɓa wuƙa?

Ran Alhamis da hantsi na tafi wurin tsohon malamina. Na same shi yana feƙe alƙalami. Na zayyana masa tun daga tauren Wamakko har wuyan da ke cikin tukunyar baƙo. Ya saurara bai katse ni ba, sannan ya ce wanda ya manta ambaton sunan Allah ba da gangan ba, ana cin yankansa. Wanda kuma shakka ke zo wa kullum, hukuncinsa ya yi watsi da ita, ya wuce, a alwala ne ko a salla ko a yanka.

"Da ka zamna wata biyu nan gaba, da ka karanta wanga da bakinka," in ji shi. "Wa ya ce ka taho?"

"Banasaren gidan fatoma, Allah gafarta Malam."

Ya ajiye alƙalamin. "Kullum kana wuce ƙofata, ka gaishe ni ka wuce. Sai da mutum ya taso daga bakin teku ya nuna maka hanya!" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na gaya masa abin da baƙon ya ce game da igiya da ƙwarya. Ya ce, "Zancen wani ya ɗauki zunubin wani ba namu ba na, ka bar musu. Amma rahama, wa ya ce maka mu ba mu da ita? Kai ɗai ka mai da Ubangijinka kamar mai neman ka da laihi. Tashi ka tahi. Tauren ga kuwa da ka ba ungulaye, shi na abin da za ka yi wa istigfari."

Na fito ina jin ƙafafuna ba nauyi. Kafin in kai gida kuma har na fara tunanin ko na faɗa wa Malam labarin daidai, ko na rage wani abu da zai sauya hukuncin. Na tsaya a bakin wata rijiya, na juya zan koma. Sai na tuna yanzun nan aka ce in yi watsi in wuce. Na wuce, amma sau biyu ina waiwaye.

Ran Jumma'a mayanka ta cika tun da sassafe. Bijimin fari ne, mai tozo, sai da mutum biyar suka kayar da shi. Baba na tsaye da sandarsa. Ɗan ƙanensa ya sa sabuwar riga. Baƙon yana kan kututturensa. Na ambaci sunan Allah sau ɗaya, da murya daidai, na ja wuƙa har ta gama aikinta.

Shakkar ta zo, kada in yi ƙarya. Ta zo da ƙarfinta kamar kullum: ka faɗa kuwa? Gwiwoyina har sun fara lanƙwasa don in tsuguna in leƙa. Na miƙe su. Na goge wuƙa a jikin fatar, na ce, "Ku feɗe."

Masu fiɗa suka dubi juna, don sun saba sai sun jira. Ɗaya ya ce, "Malam, yau ba leƙe?" Na ce ya kama aikinsa.

Wuyan bijimin na ɗauka da kaina na kai gida. Matata ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Hanya ka ɓata? Gidan fatoma na can gaba." Na ce ta dafa. Da aka sauko daga masallaci na ɗauki akushi na tafi inuwar tsamiya, muka sa hannu ni da baƙon. Lomar farko ta tsaya mini a maƙogwaro, ta biyu ta wuce da ita. Ya ce miyar ta yi, sai dai mutanen Sakkwato ba su san barkono ba, kuma ga shi da bakinsa ya yi wa kansa asarar nama. Ayarinsu ya tashi bayan kwana uku, ban sake ganinsa ba.

Da la'asar ran Jumma'ar nan na shiga zaure. Baba na zaune, ɗan ƙanensa na gefe. Baba ya miƙo hannu.

"Kawo."

Na ce, "Baba, na fasa."

"Ka hwasa?"

"Na fasa, in ka yarda."

Ya daɗe yana dubana. Ya dubi maiƙon da ke gaban rigata.

"Wuyan ka ci?"

"Na ci."

"To ba a aiko wa tsoho ko tsoka guda?" Ya janye hannunsa, ya juya ga ɗan ƙanensa. "Kai, tuɓe rigag ga kada ta ɓaci, tumbi na can na jiranka." Sannan ya ce mini in kai wuƙar maƙera a wasa ta kafin magariba, gobe akwai awaki bakwai.